Mitar da Ke Ƙirga Iska

A Tudun Gawo, in ka tambayi gidan Muntaka ba lalle a gane wanda kake nufi ba, don Muntaka uku ne a garin. Sai ka ce mijin mita. Nan take za a nuna maka gidan ƙarshe ta gabas, mai katangar da ruwan sama ya ci rabinta, kuma mai nunin zai ƙara maka da cewa da wuya ka same shi a ciki, yana can wajen matarsa.

Matar da ake nufi tana zaune ne a cikin wani ramin siminti mai murfin ƙarfe a bakin gari, daidai inda babban bututun ruwa ya gama ratsa gonaki ya hau tudu. Mitar ruwa ce, amma ba irin 'yan ƙananan nan na gidajen birni ba. Girmanta ya kai turmin daka, fentinta shuɗi, a samanta akwai gilashi, a ƙarƙashin gilashin kuma lambobi a jere da wata 'yar allura ja. Duk ruwan da zai shiga garin sai ya bi ta cikinta ya juya wata farfela, farfelar ta juya lambobin. Aikin Muntaka shi ne ya kula da ita, ya kwafi lambobin a kati kullum da safe, in wata ya ƙare ya hau keke ya kai katin ofishin ruwa a Rimin Kwalta, mil goma sha ɗaya daga garin.

An kawo ta ne a shekarun da gwamnati ke da abin hannu, lokacin da ake jan famfo har ƙauyukan da ba su taɓa roƙa ba. Kuma a gaskiya ba ita aka nufa da Tudun Gawo ba. Injiniyan da ya yi aikin, wani dattijo mai furfura, ya zo da wata ƙarama wadda ke da 'yar tukunyar ƙarfe a gefenta. Ya ce garin a kan tudu yake, iska kuwa in ta shiga bututu tudu take nema, wannan tukunyar ita za ta riƙa fitar da ita. Ya ce mita kamar hula ce, daidai kai ake zaɓa. Mai unguwa Dabo ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi wace iri aka sa wa mutanen Gangare, ƙauyen da ke ƙasan tudu, waɗanda tun kakanni ake 'yar tsama da su a kan iyakar gona. Aka ce babba. Dabo ya ce to ai kan mutanen Tudun Gawo bai fi na Gangare ƙanƙanta ba. Kwana uku dattawa suna zarya, har da kai wa injiniya zabi biyu, sai da ya gaji ya sa musu babbar, ba tukunya ba komai. Ranar da aka ɗaura ta har kiɗa aka yi.

A ranar ne injiniyan ya zaɓi Muntaka, saboda shi kaɗai ya gani yana tsince notunan da ma'aikata suka yar, yana jera su manya da ƙanana. Ya koya masa karatun lambobi, da yadda ake rufe bawul mai tare ruwa, da yadda ake buɗe rariyar da ke gaban mitar a kwashe yashi. Daga ƙarshe ya zura waya ta cikin notunan murfinta, ya matse bakin wayar da ɗan curin dalma mai tambarin ofis.

"Wannan dalmar ita ce amanarka," in ji shi. "Ranar da ta yanke, aikinka ya yanke."

Shekara goma sha ɗaya Muntaka yana riƙe da maganar nan kamar wasiyyar uba. Kullum in ya fito daga sallar asuba sai ya wuce ramin da tsumma a aljihu. Ya ɗaga murfi, ya share ganye da kunamu, ya goge gilashin har sai ya ga fuskarsa a ciki. Duk wata yakan buɗe rariya ya kwashe yashi da tsakuwa, wata rana har ɗan kifi ya taɓa samu. Da ofis ya daina ba da giris, sai ya koma shafa wa notunan man gyaɗa daga cikin na miyarsa. Mutane na yi masa dariya, shi ma yana taya su, don a lokacin ruwa na zuba kuma ba wanda ke nufinsa da komai.

A shekara ta shida matarsa Hure ta rasu, a ta takwas aka kai 'yarsa Maijidda gidan miji a Gezawa. Gida ya koma ɗaki biyu da mutum ɗaya. Maƙwabciyarsa Inna Kaltume, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi kudu neman abinci suka bar ta, ita ta ɗauki nauyin miƙo masa kwanon tuwo ta saman katanga kullum da magariba, shi kuma yana faskara mata itace. Daga nan ne ya fara yi wa mitar magana. Ba wata doguwar hira ba ce. Yakan gaya mata yadda gero ya kama a kasuwar Tsanyawa, ko ya ce mata yau gwiwarsa ta matsa masa. Ita kuma tana 'yar ƙararta a hankali, wannan ya ishe shi amsa.

Sai shekarun wuya suka shigo. Damina ta yi rowa shekara biyu a jere, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rijiyoyin garin suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Madatsar da ake jawo ruwa daga cikinta ta ja baya, har aka koma kunna inji sau biyu a mako, Asabar da Talata, awa biyu-biyu. Sauran kwanakin bututun fanko ne, ba komai a ciki sai iska. In an kunna inji, ruwa ya taso daga can nesa yana koro iskar nan a gabansa, ita kuwa ba ta da mafita sai Tudun Gawo. Mata su jera tuluna a gindin famfo, famfo ya yi ta huci, ya yi tari, ya tofar da abin da bai cika ƙwarya ba, ja wur da tsatsa. Kafin ruwan kirki ya hau tudun, an kashe inji.

Mita kuwa ba ta san wannan ba. Abin da ya juya farfela shi take ƙirgawa, kuma farfelar da aka shekara goma sha ɗaya ana tarairayarta ba ta buƙatar a roƙe ta kafin ta juya. Ranar Asabar da Talata lambobin nan gudu suke kamar ana bin su. Muntaka yana tsugune yana kallo, sannan ya ciro fensir ya kwafe abin da ya gani, don abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. A ƙasan katin yakan rubuta da manyan baƙaƙe cewa iska ce, ba ruwa ba. Wata uku yana rubutawa. Abin da bai sani ba shi ne, akawun da ke karɓar katunan lambobi kawai yake kwafewa, ƙasan kati ba shi da gurbi a takardarsa.

Da abin ya yi tsanani, ofis ya samo tankar ruwa guda biyu, aka ce za a riƙa kai wa ƙauyukan da famfonsu ya mutu. Da kati aka ce za a gane su. Mitar Gangare, wadda mai kula da ita Sama'ilu ya bari kaji na ƙwai a raminta, ta daɗe da cijewa da tsatsa, lambobinta ba su motsa ba tun bara waccan. Saboda haka Gangare, da ke kwari inda ɗan ruwan da ake samu ke taruwa, ita ce ta biyu a jerin masu tanka. Tudun Gawo kuwa, a kan takarda, ta fi kowane ƙauye a yankin shan ruwa. Duk ranar Laraba mutanen garin suna tsaye a kan tudunsu suna hangen tanka ta shiga Gangare, ta fito.

Mai unguwa Dabo ya tare Muntaka a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gaban jama'a. Bai ɗaga murya ba, Dabo ba ya ɗaga murya. Ya ce abin ai ba wuya, karan dawa guda ɗaya ya isa. A buɗe rariya, a tura shi ciki ya tokare farfelar, dalma ba ta yanke ba, lambobi sun tsaya, wata mai zuwa tanka ta zo. Ya ce ko Sama'ilu, da bai kai shi wayo ba, ya ceci garinsu yana barci. Game da 'yar tukunyar da aka ƙi a wancan lokacin, Dabo bai ce uffan ba, kuma babu wanda ya tuna masa. Manya ba sa son a tuna musu irin wannan.

Muntaka ya ce zai sake zuwa ofis da kansa ya roƙi injiniya ya zo ya gani.

"Ka je sau biyu," in ji Dabo. "Sun ce motarsu ba mai."

"Ranka ya daɗe, in na tsayar da ita na rubuta ta mutu, na yi ƙarya. Lafiyarta ƙalau."

"Lafiyarta ƙalau," Dabo ya maimaita, ya dubi jama'a. "To madalla. Ko ba komai akwai mai lafiya guda a garin nan."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi masa faɗa. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi. Abin da ya faru shi ne, in ya wuce majalisa ya yi sallama, amsar takan fito ciki-ciki daga bakin mutum ɗaya, sauran suna duban ƙasa. In an idar da salla, na damansa ya juya ya miƙa wa wani hannu. Da aka yi haihuwa a gidan Uwaisu maƙeri, mai rabon goron suna ya bi gida-gida, ya zo ƙofar Muntaka ya wuce kamar kango ne. Muntaka yana cikin zaure, ya ji takunsa ya zo, ya ji ya wuce. Wannan ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata, don da shi aka je neman auren uwar jaririn.

Taurin kai kam yana da shi, ba a ɓoye wannan. Amma ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutum ne da ba mata, ba ɗa a gida, gonarsa ta bushe, abu ɗaya tak ya rage masa da zai ce ya iya kuma bai taɓa ha'inci a kansa ba. Abin nan ne ake cewa ya tura wa kara.

Kwanon Inna Kaltume shi ne na ƙarshe da ya ɗauke. Ta leƙo ta saman katanga ta ce masa ruwan da take samu bai isa tuwon mutum biyu ba, ya yi haƙuri. Gaskiya ta faɗa. Washegari ya hau keke ya je rafin da ya ƙafe, inda ake tona yashi a jira ruwa ya tsatso, ya cika jarka ya ajiye mata a ƙofa. Da yamma ya tarar da jarkar a zaurensa, a cike yadda ya kai ta. Ta ce ba ta son a ce ita kaɗai ke shan ruwan mijin mita.

Wata Laraba da hantsi yana dawowa daga rafin, ya iske ta zaune a gindin wani gawo, tulunta a gabanta rabi, ƙafafunta sun kumbura. Mil uku ne tsakanin rafin da gari, kuma tun asuba ta fita. Daga inda suke ana hango tanka tsaye a Gangare, mata sun kewaye ta. Ya sauka daga keke ya ce ta kawo tulun ya ɗora mata a bayan keken. Ta ce ya bari, kada ya ɓata hannun goge gilashi. Ta mayar da numfashi, sannan ta ɗaga kai ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Muntaka, kai da ka iya karatunta. Tulu nawa ta ce na sha jiya?"

Ta ɗauki tulunta ta miƙe. Ya tura kekensa yana tafe a bayanta a hankali har suka shiga gari, ita ba ta waiwayo ba, shi bai wuce ta ba.

Bayan azahar ya zare kara guda daga dangar wani, ya tafi ramin. Ya rufe bawul, ya kwance rariya, ya ajiye ta gefe. Ga bakin bututun nan a buɗe, farfelar tana can ciki inda ido ba ya kaiwa amma kara zai kai. Ya daɗe a tsugune da karan a hannu. Ya ce wa mitar ta yafe shi, ya ji muryarsa ta yi wani iri a cikin ramin. Ya sunkuya don ya saita karan, sai ya ga ɗan yashi a leɓen bututun, kuma da yake sabo turken wawa ne, kafin ya yi tunani ya hure shi da baki. Jar allurar nan ta yi rawa, ta matsa gaba kaɗan.

Ya sake hurawa da ƙarfi. Ta sake matsawa.

Ya ajiye karan ya zauna a ƙasa. Wata uku yana faɗa da baki da fensir, amma ba wanda ya gani, gani kuwa ya kori ji. In injiniya ba zai zo wajen mita ba, sai mita ta je wajen injiniya. Matsalar ɗaya ce. Cikinta ba ya fitowa sai ta murfi, murfin kuwa yana ɗaure da dalma. In ya bi shawarar Dabo, aikinsa na nan, mitarsa na nan, gari ya sha ruwa, shi kuma ya yi ƙarya. In ya bi wannan, gari ya sha ruwa, bai yi ƙarya ba, amma ya san abin da dattijon injiniya ya ce. Ya daɗe yana juya abin, har inuwa ta cika ramin.

Daga nan maƙera ya nufa. Ya ce wa Uwaisu ya ara masa zuga-zugi da awartaki zuwa gobe da yamma. Uwaisu ya dube shi, ya dubi hanyar ramin, sai ya yi murmushin da ya yi wata biyu bai yi masa ba. Bai tambayi dalili ba, ya miƙa masa ya ce Allah ya ba da sa'a. Kafin magariba gari duk ya ji cewa mijin mita ya ɗauki kayan maƙera.

Da ya fito daga sallar asuba ya yanke wayar. Ya sa curin dalmar a aljihu, ya kwance notuna goma sha biyu, suka fito sumul saboda man gyaɗa. Ya ɗago cikinta gaba ɗaya, farfela da lambobi da gilashi a haɗe, nauyinta bai wuce na ɗan akuya ba. Bai ga buhun da ya yarda da shi ba, sai ya koma gida ya buɗe adaka ya ɗauko zanen Hure guda da ya rage, ya naɗe ta a ciki, ya ɗaure a bayan keke tare da zuga-zugin.

Ya isa Rimin Kwalta da hantsi. Akawu ya ce injiniya yana taro, kuma ai yau ba ƙarshen wata ba ne. Muntaka ya ce zai jira. Ya zauna a benci da ƙullinsa a cinya har aka yi azahar, har rana ta karkata. Da Injiniya Ja'afaru ya fito, wani matashi ne da ya gaji dattijon, idanunsa ja don gajiya, Muntaka ya miƙe ya tsaya a gabansa, ya shimfiɗa zanen a kan baranda. Abin da injiniyan ya fara gani shi ne guntun wayar.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa?"

Muntaka ya ciro dalmar ya sa masa a hannu. Ya roƙe shi ya karanta lambobin da ke kan gilashin, ya karanta. Sannan ya durƙusa, ya kafa bakin zuga-zugin a gaban farfelar, ya fara zugawa. Allurar ta zabura tana kewayawa. Lambar ƙarshe ta mirgina, wata ta biyo ta. Ma'aikata suka fito daga ɗakuna suka kewaye shi, wani ya yi dariya, wani ya ce a yi shiru. Ya yi ta zugawa har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya tsaya ya ɗaga kai.

"Yallaɓai, tulu nawa ta ce na kawo?"

Injiniyan bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗauko katunan Tudun Gawo na wata uku, ya karanta abin da ke ƙasansu, ya dubi akawu, akawu ya dubi silin. Sannan ya tambayi wanda ya zaɓi irin wannan babbar mitar ya ɗora a kan tudu ba tukunyar fitar da iska. Muntaka ya ce abin ya daɗe, Allah ne ya ƙaddara haka. Injiniyan ya ce abin da wurin ke buƙata ƙarama ce mai tukunya, amma babu ko ɗaya a sito, kuma kayan waje sun daina shigowa. Ya ɗauko jerin masu tanka, ya rubuta Tudun Gawo a sama da hannunsa, ya juyo da takardar don Muntaka ya gani.

Sai aka zo kan dalma. Injiniyan ya yi maganar a hankali, yana juya curin a tafinsa. Mitar da aka yanke wa hatimi ba ta komawa sai an kai ta birni an gwada, injin gwajin kuwa ya shekara a lalace. Za a ajiye ta a sito. Za a ba shi farantin ƙarfe da roba ya rufe gurbinta. Inda kuma babu mita, babu mai kula da mita. Ya ce in an kawo sabuwa za su neme shi. Shi da ya faɗa da shi da aka faɗa wa, duk sun san yadda irin wannan alkawarin yake ƙarewa.

Muntaka ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya kai ta siton da kansa. Wurin cike yake da matattun mitoci an tula su a ƙasa, tsatsa ta haɗe su. Ya nemi wani kanta a sama ya share, ya ɗora ta, ya ciro tsummansa ya goge gilashin. Ya tsaya da zanen Hure a hannu yana duban kwanon rufin da ya huje a wurare biyu. Sai ya lulluɓe ta da shi, ya cusa gefunan a ƙarƙashinta, ya fito.

Laraba ta gaba tanka ta hau tudu. Tun tana nesa aka fara guɗa, mata suka fito da tuluna da bokitai da tukwanen girki, har da wadda ta ɗauko turmi. Muntaka ya zo da jarkarsa ya tsaya a ƙarshen layi. Dabo ne ya hango shi, ya kira shi da sunansa, ya jawo shi tsakiyar maza ya dafa kafaɗarsa. Ya ce shi da ma ya faɗa, mutum sai da haƙuri, ga shi ya yi jinkiri amma ya yi. Uwaisu kuwa yana gefe yana ba da labarin yadda aka hura wa mitar wuta da zuga-zuginsa har farfelar ta narke, da yadda aka kai gawar ofis aka ce tsufa ne ya kashe ta. Labarin ya yi kwana shida yana yawo, ya yi ƙiba.

"Ban lalata ta ba," in ji Muntaka. "Kai ta na yi, suka gani da idonsu."

"Haka ne," in ji Dabo, yana ƙifta wa na kusa da shi ido. "Haka za mu ce wa duk wanda ya tambaya."

Aka bushe da dariya. Hannayen da suka yi wata biyu suna kauce masa suka miƙo ta ko'ina, ya yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya karɓi jarkarsa ya kai gaba aka cika masa.

Da magariba ya ji ƙarar kwano a kan katanga. Inna Kaltume ta miƙo shi da hannu biyu, tuwon dawa da miyar kuka, yana tururi. Ta ce ta yi masa addu'a Allah ya yafe masa, don ƙaryar da ta shayar da gari Allah ya san da ita.

"Inna, wallahi ban..."

"Kada ka rantse, ɗan nan. Ci tuwonka kada ya huce."

Ya zauna a zaure ya ci. Tuwon ya yi daɗi, kuma rabonsa da abinci mai ɗumi ya kwana biyu. Amma tun rasuwar Hure bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba. Lokacin da ake ƙin gaishe shi, a kan abin da yake shi ne ake ƙin gaishe shi. Yanzu kowa na son sa, amma wani mutum suke so, wanda ya yi abin da shi ya ba da aikinsa don kada ya yi. Wadda za ta iya ba da shaida guda ɗaya ce, tana can Rimin Kwalta a kan kanta, a ƙarƙashin zane.

Ranar Asabar da ya fito daga sallar asuba, Uwaisu ya ce ya zo su zauna a maƙera su sha kunu. Ya ce yana zuwa. Ƙafafunsa dai suka bi hanyar da suka saba, ya tsinci kansa a bakin ramin. Ya ɗaga murfi ya sauka. Farantin ƙarfen na nan inda ya ɗaure shi, baƙi, ba gilashi ba allura. Can da rana ta ɗaga aka kunna inji, iska ta taso ta wuce ta ƙarƙashinsa tana fito, ba mai ƙirga ta. Ya buɗe baki zai ce kumburin ƙafar Inna Kaltume ya fara saɓewa, sai ya fasa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tsumman, ya goge farantin.